Kofin da Kafinta Ya Kife

Shafi na 19

Masu cika mini waya da "Baba ci gaba, Baba ci gaba," sai ka ce ba ni da aikin yi, to ku gyara zama.

"Magana ɗaya ce," in ji Mai Kwat. "Jibi Lahadi, in Fasto ya kira ka gaban jama'a ya ce ikilisiya ta zaɓe ka dattijon coci, ka ce ba ka so. Ni kuma in ɗinke bakina har kabari."

Kafinta bai ɗago ba. Ƙafar benci yake gogewa, ya ci gaba da gugarsa.

Mai Kwat ya zaro hankici ya kaɗe wata kujera, ya duba ta, ya sake kaɗewa, sannan ya ɗosana rabin mazauninsa. Mutumin da tun yana saurayi katako yake sayarwa, amma wai garin katako yake ƙyama. Ko rana za ta narkar da kwalta, ba ka raba shi da baƙar kwat ɗin nan. Ya daɗe a kujerar dattijo har ya ɗauka gadon ubansa ce. Tun ranar da aka yi zaɓe jama'a suka juya masa baya suka nuna Kafinta, abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

"Bakinka a kan me?" Kafinta ya tambaya, alhali ya sani.

"Kada ka mai da ni yaro. A kan tsani."

Hannun Kafinta ya tsaya cak.

"Kai ka sayar mini da katakon."

"Katakon hura wuta na sayar maka. Da bakina na ce maka gara ta cinye cikinsa. Ni na ce ka kwaɓa garin katako da gam ka cusa a ramukan? Ni na ce ka shafe shi da koren fenti? Ni na ce ka miƙa wa Magini, amininka, ka ce masa sabo ne dal?"

Gaskiya ya faɗa. Ni kuwa a yawona ban ga abin tsoro kamar mugu ya riƙe gaskiya a hannu ba.

Wanda bai biyo mu tun farko ba, ga abin a gajarce. A lokacin Kafinta mashayi ne. Magini ya ba shi abin sayen katako mai kyau, ya shanye, ya haɗa masa tsani da ruɓaɓɓe. Magini ya hau da kwanon siminti a ka, yana dab da kaiwa sama mataki ya karye. Bai kwana a duniya ba. Kowa ya ce tsautsayi. Kafin a dawo daga binnewa Kafinta ya kwashe guntayen tsanin ya ƙona. Magini ya bar mata da ɗa guda, Dogo, wanda yanzu ƙato ne mai tuƙa babbar mota. Baba yake kiran Kafinta. Kafinta ne ya tsaya masa a matsayin uba ran aurensa, shi ya haɗa masa gado da hannunsa.

"In ka ƙi," Mai Kwat ya ci gaba yana duban farcensa, "Dogo zan fara samu. Ka dai san girman hannunsa. Daga shi sai uwarsa."

"Ba sai ka yi mini barazana ba. Na yarda."

"Ka yarda?"

"Na yarda."

Mai Kwat ya ɗan ji haushi. Ya zo da shirin ja-in-ja, ya tanadi maganganu tun daga gida, sai ga kaya sun faɗo masa a arha. Ɗan kasuwa kuwa in ya sayi abu da sauƙi, sai ya nemi gyara.

"Taimakonka ma na yi," ya ce. "Ina kai ina kujerar dattijo? Kai da kanka ka san ba a yafe maka ba. Kana tsammani ba ma gani? Kai kake zuba ruwan inabi a kofuna, kai kake zagayawa da tire, amma naka kullum a kife. Da an yafe maka, da kana sha."

Kafinta ya koma gugar bencinsa.

"Ka ga, ɗan'uwa, Allah mai jinƙai ne, ba na musu. Wanda ya yi cikin fushi, a yafe. Wanda ya yi bai sani ba, a yafe. Amma kai fa zama ka yi, ka jira fenti ya bushe."

Mai Kwat ya miƙo hannu. Kafinta ya kama. Ciniki ya faɗa.

Yana fita ƙofar shago ya sake zaro hankicin nan ya goge tafinsa, yatsa bayan yatsa.

*

Kada wani ya ce Kafinta bai tuba ba. Ya tuba. Ya bar giya tun ranar binnewa, ko warinta ba ya so. An yi masa baftisma. Ya durƙusa a shagon nan cikin garin katako ya faɗa wa Allah komai, bai rage ko ƙusa ba, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wata safiyar yakan tashi zuciya sakayau, har ya yi waƙa yana ja da zarto. Kafin rana ta yi tsaka abin ya dawo ya zauna masa a ƙirji kamar buhun siminti.

Har aikinsa ya nuna. Duk bencin da ya haɗa sai ya hau kansa ya yi ta tsalle, dattijo da furfura, masu wucewa suna dariya. Tebur kuwa sai ya kwanta a kai. Ba ya shafa wa kaya fenti, ko za ka ninka masa lada. Ya ce kowa ya ga katakonsa tsirara. Mutane suka ce gaskiya ce ta yi masa yawa, shi ya sa ma suka zaɓe shi. Ba su san tsoro ba ne.

Ran Asabar da la'asar ya tafi coci wanke kofuna, don washegari akwai Jibin Ubangiji, ranar da ake raba wa jama'a burodi da ruwan inabi. Ɗan ɗakin da ke bayan bagaden Fasto ne, taga ɗaya, kabad ɗaya, sai tsintsiya da wata gangar mawaƙa da ta fashe aka rasa mai yarwa. Tiren ma shi ya sassaƙa shi, kowane ɗan kofi da raminsa. A ramin kusurwa, nan nasa yake zama a kife.

Yana cikin ɗauraya aka turo ƙofa da ƙafa.

Maman Dogo ce, matar marigayi Magini, ta rungumo farin ƙyallen da ake rufe teburin Jibi, ta wanke ta goge. Tela ce, 'yar ƙaramar mace, tabarau ɗaure da zare. Almakashinta ma yana jin tsoron harshenta.

"Sannu da aiki, Kafinta."

"Yawwa, Maman Dogo. Ya ɗinki?"

"Ɗinki ya yi albarka. Jiya Mai Kwat ya kawo mini kwat ɗinsa in sa masa sababbin maɓallai, wai gobe yana so ya fito fes. Mutumin da aka kayar a zaɓe, yana fito a shagona, har da karkaɗa ƙafa. Na ce to, ko dai ya zare, ko ya sayi wani." Ta ajiye ƙyallen. "Da me ya saye ka?"

"Ban gane ba."

"Ka gane. Da tsani ne ko?"

Kofin da ke hannunsa ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa.

Ta ja tsaki.

"Dube shi. Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

"Wa... wa ya gaya miki?"

"Mijina."

"Ai bai yi magana ba!"

"Bai yi ba. Hannunsa ya yi. Da aka kawo mini shi hannun damansa a dunƙule yake, da ƙyar na ɓamɓare yatsun. Guntun mataki ne a ciki. Waje kore shar, ciki gari. Na murza, gam ya fito. Ni tela ce, Kafinta. In na ga faci na san faci."

Ya zube a ƙasa, hannu duk kumfa.

"Tun ranar kika sani?"

"Tun ranar."

"Kika yi shiru?"

"Kada ka ɗauka don kyanka ne. Don ɗana na yi. Ban so ya tashi da wanda zai kashe in ya girma ba."

"Maman Dogo, ki yafe mini. Don girman Allah ki..."

"Tashi, kada ka ɓata wando, matarka ce mai wanki." Ta gyara tabarau. "Na yafe maka tun tuni. Na kuma sake yafe maka. Shekaranjiya ma na sake. Akwai ranar da nake tashi in ji kamar in zo in soka maka almakashi a wuya. Sai in ce, Ubangiji, ka gani dai, abin ya dawo. In sake ajiye masa. Ba wannan ya kawo ni ba."

Ta nuna tiren da baki.

"Wancan ya kawo ni."

Ya bi bakinta da kallo har kusurwa.

"Kowane wata kana miƙo mini tiren nan da hannun da ka kwaɓa gam. In ɗauka, in sha, in ce amin. Kai kuma ka koma ka zauna da kofinka a kife, fuska a yamutse, kamar kai aka kashe wa miji. Ka san abin da nake ji in na gan ka? Ba tausayi ba. Haushi."

"Ban cancanta ba ne."

"Wa ya cancanta? Mai Kwat? Shi da yake sha har da lashe leɓe?"

"Ba na jin an yafe mini. Na roƙa, na yi kuka, na yi azumi. Da safe in ji kamar an sauke mini kaya, kafin yamma..."

"Ji!" Ta tafa hannu. "Wai ji! Ni ma da safe nakan ji kamar budurwa, kafin yamma gwiwa ta tuna mini shekaruna. Da jinka aka ƙulla alkawarin? An kira cikinka shaida? Ya ce wanda ya furta laifinsa ya juyo, ya yafe masa. Ka furta?"

"Na furta."

"Ka juyo?"

"Allah ya sani."

"To saura me? Ko dai shi ne maƙaryaci, ko zuciyarka. Zaɓi ɗaya, ina da ɗinki a gida."

Kafinta ya goge hannu a riga. Abin da bai taɓa faɗa wa Fasto ba, bai taɓa faɗa wa matarsa ba, shi ya fito.

"In Fasto ya hau bagade ya ce jinin Yesu ya rufe zunubanmu, kowa sai ya ce amin. Ni warin fenti nake ji. Na san yadda ake rufe abu, Maman Dogo. Ni na iya. Waje sumul, ciki gari. Tsoro nake in ɗora nauyina a kai, in yi ta hawa, ina dab da kaiwa, in ji ƙas."

Ya yi zaton za ta tausaya. Dariya ta yi, irin wadda gara a mare ka da ita.

"Au! Ashe nan aka dosa. Wato Allah ka ɗauka kafintan banza irinka?"

"Ban ce..."

"Ka ce mana. Don kai ka yi ha'inci, sai kowa ma ɗan ha'inci ne, har wanda ya ba da Ɗansa? Kai, yi tunani irin na masu sana'a. Wanda fenti zai shafa ya wuce, me zai kai shi gicciye? Fenti ai arha ne. Kai ka sani, ka saya."

Ba ta jira amsarsa ba.

"Benci kana hawa ka yi tsalle, duk unguwa na kallo. Amma alkawarin Allah, shekara da shekaru kana zagaya shi, kana ƙwanƙwasawa, kana kasa kunne, ko ƙafa ɗaya ba ka taɓa ɗorawa ba. Kana kiran wannan tawali'u. Girman kai ne ya sa tsumma. Kowa laifinsa ya shiga ƙarƙashin gicciye, naka ne ƙato, ba ya shiga. Sannu, mai babban laifi. A kaɗa maka ganga."

"Ni na kashe shi, Maman Dogo."

"Ni za ka gaya wa? Ni na wanke jinin."

Can cikin coci wata tana share dandamali, ana jin tsintsiya.

Ta juya za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa. Muryarta ta sauka.

"Dogo bai sani ba. Tunda Mai Kwat ya fara ciniki da maganar, ba za ta ƙara kwana a rufe ba. Yau kujera ya karɓa, gobe shagonka zai nema. Gara ɗana ya ji daga bakinka. Yana hanya, gobe da safe zai shigo gari."

"In ya kashe ni fa?"

"To ka sha kofinka tukuna."

Ta dubi kofin da ke kife, kamar za ta kai hannu, ta fasa.

"Ba ni na kife ba," ta ce, ta fita.

*

Lahadi da safe ya riga kowa zuwa. Ya yanka burodi, ya jera kofuna, ya bi su da buta ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kusurwa ya tsaya.

Ku da kuke jiran in ce ya ji wata murya daga sama, ko wani sanyi ya ratsa shi, ku yi haƙuri. Ba abin da ya ji sai muryar Mai Kwat: zama ka yi, ka jira fenti ya bushe. Shakkar da ta taso masa a safiyar nan ta fi ta kullum.

Ya juya kofin. Ya cika shi.

Coci ya cika. Mai Kwat yana bencin gaba, sababbin maɓallai suna walƙiya, yana rera waƙa da murya sama da ta kowa, rabin baitin ma bai iya ba. Ana tsakiyar wa'azi Dogo ya shigo, daga hanya kai tsaye, ido ja don rashin barci. Ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ya hango Kafinta ya ɗaga masa hannu yana murmushi.

Aka zo Jibi. Kafinta ya zagaya da tire. Mai Kwat ya ɗauka da yatsa biyu, ya ƙifta masa ido. Maman Dogo ta ɗauka ko kallonsa ba ta yi ba. Dogo ya ɗauka ya raɗa masa, "Baba, na ji labari, yau za a ɗora ka. Shi ya sa na taka mota."

Ya dawo gaba. Tire ya zama wayam, sai kofi ɗaya a kusurwa, cike.

Fasto ya ce a sha.

Kafinta ya ɗauka. A ransa ya ce, Ubangiji, ba na jin komai. Kai dai ka faɗa. Ga nauyina.

Ya sha.

Ba a yi tsawa ba. Rufi bai tsage ba. Ɗan tsami ne ya bi maƙogwaronsa, irin wanda kowa ya ji. Ya tsaya yana jiran ƙas ɗin nan da ya yi shekaru yana jira. Shiru.

Mutum biyu suka gani. Maman Dogo ta taɓe baki ta mai da kai ƙasa. Mai Kwat kuwa murmushinsa ya daskare. Ɗan kasuwa ne, ya san in kaya sun fara zamewa daga mota.

Bayan addu'a Fasto ya ɗaga hannu. Matashi ne, mai yawan fara'a, bai san a kan me yake tsaye ba.

"Ikilisiya ta zaɓi ɗan'uwanmu Kafinta ya zama dattijo. Baba, a gaban Allah da jama'arsa, ka karɓa?"

Mai Kwat ya yi gyaran murya.

"Fasto," in ji Kafinta, "ba zan ce na ƙi ba."

Mai Kwat ya sake gyaran murya, wannan karon kamar injin da ya ƙi tashi.

"Ba zan kuma ce na karɓa ba, sai na yi magana da mutum ɗaya. A ba ni zuwa bayan sujada. In ya ji, ku ma za ku ji, sannan ku sake shawara."

Da Mai Kwat yana da wayon da yake taƙama da shi, da ya kama bakinsa. Maganar tana fita ai kujera za ta iya dawo masa da ƙafarta. Amma shi ba kujerar kaɗai yake so ba, so yake a ce shi ya riƙe igiya. Ya zabura ya miƙe, har maɓalli ɗaya ya tsinke ya gangara ƙarƙashin benci. Maman Dogo dai ta ce ba ta san yadda aka yi ba.

"Ƙarya yake! Mun yi magana da shi! Jama'a, kun san wanda kuka zaɓa? Mai kisan kai! Shi ya kashe Magini! Ruɓaɓɓen katako ya cusa wa gam, ya shafa fenti, ya ba shi ya hau! Ga shi nan, ku tambaye shi!"

Wata ta ce, "Yesu!" Jariri ya fasa kuka, uwarsa ta toshe masa baki da nono.

"Dattijo, zauna," in ji Fasto yana duban Mai Kwat, fara'a ta gudu. "Baba Kafinta... gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Bai ƙara ko kalma ba."

Sai Maman Dogo ta miƙe. Tsayuwarta da zamanta kusan ɗaya ne, amma kowa ya gan ta.

"Ni na sani tun ranar. Tsakanina da Kafinta da Allah ne, kuma mun yi ta. Kai nake tambaya, Mai Kwat. Yaushe ka sani?"

"Ni... ai ba wannan ce maganar ba..."

"Yaushe?"

"Tun... tun lokacin."

"Tun lokacin. Ka zo gidana gaisuwa da kwat ɗin nan. Ka zauna a tabarmata. Kai ka yi addu'ar da ta fi ta kowa tsawo, har ƙafata ta yi sanyi. Ashe jinin mijina yana aljihunka, ka ajiye shi kamar canji. Bai dame ka ba sai yau da kujera ta motsa." Ta juya ga jama'a. "Kun ji da bakinsa ya ce sun yi magana. A tambaye shi me ya saya, me ya sayar."

Ba wanda ya tambaya. Ba a bukata. Na damansa ya matsa. Na hagunsa ya matsa. Matarsa ta ɗauki jakarta ta koma bencin baya. Ya rage shi kaɗai a tsaye, kwat a buɗe, tumbi a waje, yana laluben hankici.

Daga can baya aka ji ƙarar ƙarfe.

Dogo ne. Ya miƙe, ya ja ƙofar coci ya rufe, ya zura sakata.

Ya taho ta tsakiya, a hankali, hannuwa a sake. Ba wanda ya tare shi. Uwarsa ta kira sunansa, bai waiwaya ba.

Kafin ya iso, bari in yi muku lissafin cinikin nan, don ni ba na barin kasuwa ban san wa ya ci ba.

Mai Kwat ya shigo da kaya ɗaya tak na sayarwa, ya zubar da shi kyauta a bainar jama'a. Ba kujera, ba mutunci, ba maɓalli. Ko ɓarawon kaza ya fi shi fita da riba.

Maman Dogo ta yi asarar shirun da ta yi rabin rayuwarta tana ɗinkawa. Abin da ta samu, ita ta sani.

Kafinta ya rasa sunan kirki, wataƙila kujera, wataƙila haƙora. Abin da ya samu ɗan kofi ne da bai kai kurɓi biyu ba. Amma ku dube shi. Taga tana bayansa a buɗe, shakkar ma ba ta gama tafiya ba, tana nan tana leƙe. Bai gudu ba. Ya ɗora nauyinsa, abin bai karye ba. In kun tambaye ni, shi ya ci kasuwa.

Wanda ya fi kowa asara kuwa shi ne wanda bai ma san an yi ciniki ba. Ya taka mota dare da rana don ya ga an ɗaukaka ubansa na biyu, ya tarar shi ya raba shi da na farko.

Dogo ya tsaya. Inuwarsa ta rufe tsohon gaba ɗaya. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya dubi hannun.

Tun yana koyon magana bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba.

"Kafinta," ya ce.